MAULANA JALALUDDIN RUMI (1207-1273) DA RAWAR SAMA'I

1.0 Gabatarwa

A cikin shaihunan sufaye da aka yi a duniyar Musulunci, da wuya a sami wanda sunansa ya kewaye duniya kamar Maulana Jalaluddin Rumi. Yawancin mutane sun san shi ne ta hanyoyi biyu, wato waƙoƙinsa na harshen Farisa, da kuma hotunan muridan ɗariƙarsa sanye da fararen riguna da dogayen huluna suna juyi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, kafin a san shi da waƙa ko juyi, ya shafe shekaru yana malamin fiƙihu mai karantarwa da wa'azi da ba da fatawa. Wannan babi zai bi rayuwarsa tun daga haihuwa har zuwa rasuwa, tare da bayyana abin da ya kai malami irinsa ga wannan rawa da ake kira sama'i, da yadda magadansa suka tsara ta, da halin da ta shiga daga baya.

1.1 Asalinsa da Ƙaurar Iyayensa

An haifi Jalaluddin Muhammad a ranar 30 ga watan Satumba, 1207, wadda ta faɗo cikin shekara ta 604 bayan Hijira. Ruwayar da ta fi shahara ita ce an haife shi a birnin Balkh da ke cikin ƙasar Afganistan ta yanzu, amma wasu masana sun fi karkata ga garin Wakhsh na ƙasar Tajikistan ta yanzu, inda mahaifinsa ya yi zama a wannan lokaci. Mahaifin nasa, Baha'uddin Walad, malami ne mai wa'azi kuma sufi, wanda almajiransa suke yi wa laƙabi da Sarkin Malamai. Sunan mahaifiyarsa Mumina Khatun.

Jalaluddin yana yaro mahaifinsa ya tattara iyalinsa ya bar ƙasarsu ya nufi yamma. Ba a jima da tashinsu ba rundunonin Mongol ƙarƙashin Jangiz Khan suka afka wa yankin, suka rushe Balkh da wasu manyan biranen ilimi. Ayarin ya bi ta Bagadaza, ya sauke farali a Makka, ya ratsa ƙasar Sham, sannan ya shiga yankin Anadolu, wato tsakiyar ƙasar Turkiyya ta yau. Musulmin wancan zamani suna kiran wannan yanki ƙasar Rum saboda daɗewar da ya yi a hannun Rumawa, kuma daga nan ne laƙabin Rumi ya samo asali.

Iyalin sun zauna wasu shekaru a garin Laranda, wanda yanzu ake kira Karaman. A nan mahaifiyarsa ta rasu, a nan kuma ya auri Gauhar Khatun, wadda ta haifa masa 'ya'ya maza biyu, Sultan Walad da Ala'uddin. Wajen shekarar 1228 suka koma Konya, hedikwatar daular Saljuƙawan Rum, a zamanin Sarki Ala'uddin Kaiƙubad, wanda ya karɓi Baha'uddin hannu biyu, aka ba shi makarantar da zai riƙa karantarwa.

1.2 Neman Ilimi da Karantarwa

Baha'uddin ya rasu a 1231, lokacin da ɗansa yake da kimanin shekara 24. Ba da daɗewa ba wani tsohon almajirin mahaifin, Sayyid Burhanuddin Muhaƙƙiƙ na Tirmiz, ya iso Konya ya ɗauki nauyin tarbiyyarsa. Ya riƙe shi kusan shekara tara yana hora shi da azumi da halwa, kuma a cikin wannan tsakanin ne Jalaluddin ya tafi Halab da Dimashƙa ya zurfafa a fiƙihun mazhabar Hanafiyya da tafsiri da hadisi da adabin Larabci. Da Burhanuddin ya rasu a garin Kaisari wajen 1240, Jalaluddin ya riga ya zama babban malamin Konya. Ɗalibai suna cika makarantarsa, masu mulki suna halartar wa'azinsa, jama'a kuma suna kawo masa tambayoyin shari'a. A nan ya sami laƙabin Maulana, wato shugabanmu.

Zamanin ba na kwanciyar hankali ba ne. A 1243 Mongol suka fatattaki rundunar Saljuƙawa a yaƙin Kose Dag, daular ta koma biyan su haraji, sannan a 1258 suka ci Bagadaza suka kashe halifan Abbasiyawa. Duk sauran rayuwar Maulana ya yi ta ne a cikin daular da ikonta ya koma hannun baƙi.

1.3 Haɗuwarsa da Shamsuddin na Tabriz

A watan Nuwamba na 1244 wani dattijo matafiyi mai suna Shamsuddin, mutumin Tabriz, ya sauka a Konya. Mutum ne mai ilimi, mai kaifin harshe, wanda ba ya zama wuri guda kuma ba ya neman almajirai. Marubutan tarihin ɗariƙar sun ruwaito cewa ya tare Maulana a hanya ya yi masa tambaya a kan bambancin matsayin Annabi Muhammadu (SAW) da na sufin nan Bayazid Bistami, ganin cewa an ruwaito Bayazid ya furta kalaman da ke nuna ya kai maƙura, alhali Annabi (SAW) kullum yana neman ƙarin kusanci ga Ubangijinsa. Amsar Maulana ta nuna cewa Bayazid kurɓi ɗaya ya kashe masa ƙishirwa, shi kuwa Annabi (SAW) kowane mataki ya taka sai ya hango wanda ya fi shi. Daga wannan zance mutanen biyu suka keɓe kansu, suka shafe watanni suna tattaunawa da ibada.

Abin da ya biyo baya ya girgiza Konya. Malami mai shekara 37, wanda sarakuna suke zama a gabansa, ya ajiye darasi ya koma almajirin baƙon da ba wanda ya san asalinsa. Ɗansa Sultan Walad da almajirinsa Faridun Sipahsalar, waɗanda suka rayu tare da shi, sun nuna cewa Shamsu ne ya buɗe masa ƙofar sama'i. Almajiran da suka rasa malaminsu suka ɗauki karan tsana suka ɗora wa Shamsu, har ya bar garin ya tafi Dimashƙa a 1246. Maimakon Maulana ya koma darasi kamar yadda suka yi zato, sai ya ƙara janye jiki daga gare su. Da suka ga haka suka nemi gafara, aka tura Sultan Walad ya dawo da Shamsu a 1247. Ba a ɗauki lokaci ba ƙiyayyar ta sake tashi, Shamsu ya ɓace, ba a sake ganinsa ba.

Ahmad Aflaki, wanda ya tattara labaran ɗariƙar a ƙarni na 14 cikin littafinsa Manaƙibul Arifin, ya kawo ruwayar cewa kashe shi aka yi, har an ambaci sunan Ala'uddin ɗan Maulana a cikin lamarin. Wasu masana na zamani suna shakkar wannan ruwaya, domin Maulana da kansa ya yi tafiya zuwa Sham nemansa. A yau akwai wurin da ake dangantawa da kabarinsa a Konya, akwai kuma wani a garin Khoi na ƙasar Iran.

1.4 Yadda Bege Ya Zama Waƙa da Juyi

Rashin Shamsu ne ya mayar da Maulana mawaƙi. Ya riƙa kwana yana juyi cikin kuka, baitoci suna zubo masa, almajirai suna rubutawa. Sannu a hankali ya fahimci cewa hasken da ya gani a fuskar abokinsa daga Allah yake, kuma mai wannan haske ba ya ɓata. Saboda haka begen aboki ya rikiɗe ya zama begen Mahalicci, juyin da ya fara da baƙin ciki kuma ya zama wata hanya ta zikiri.

Bayan Shamsu, Maulana ya kusanto da Salahuddin Zarkub, wani maƙerin zinariya wanda ba shi da zurfin karatu, amma ya yi tarbiyya a hannun Burhanuddin. An ruwaito cewa wata rana Maulana yana wucewa ta kasuwar maƙera ya ji bugun guduma daga rumfar Salahuddin, sai ya ji ambaton Allah a cikin bugun, ya kama juyi a tsakiyar kasuwa, shi kuwa Salahuddin ya umarci yaransa kada su tsaya ko da zinariyar za ta lalace. Maulana ya naɗa shi mai kula da muridai, ya kuma aurar wa Sultan Walad 'yarsa Fatima. Fifita maƙeri a kan masu karatu ya sake jawo gunaguni, amma Maulana bai sauya ba har Salahuddin ya rasu a 1258. Daga nan Husamuddin Chalabi ya maye gurbinsa.

1.5 Rubuce-rubucensa

Ayyukan Maulana na waƙa guda biyu ne manya. Na farko shi ne Diwanin Shamsu na Tabriz, wanda ya ƙunshi waƙoƙin bege sama da 3,000 na nau'in gazal, da kuma 'yan ƙwar huɗu masu yawa. A al'adar gazal mawaƙi yakan saka sunansa a baitin ƙarshe, amma Maulana sai ya riƙa saka sunan Shamsu, wani lokaci kuma kalmar Farisanci mai ma'anar shiru.

Na biyu shi ne Masnawi, wanda ya yi bisa roƙon Husamuddin, shi yana faɗa Husamuddin yana rubutawa. Juzu'i shida ne, masu baitoci kimanin 25,000. Zubinsa 'yar ƙwar biyu ce, a kan karin Ramal, kuma kowane baiti yana da nasa amsa-amon, abin da ya ba mawaƙin damar jan labari ba tare da ƙunci ba. Littafin ya buɗe da kukan sarewar kara wadda aka yanko daga fadamarta, alamar ran ɗan'adam da ke marmarin komawa ga asalinsa. Salonsa shi ne kawo labari, sannan a warware shi da aya da hadisi. Daga cikin labaran akwai na mutanen da suka shafa giwa a ɗaki mai duhu, kowa ya siffanta ta da gaɓar da hannunsa ya taɓa. Akwai kuma na masanin nahawu da ya raina matuƙin kwalekwale don bai san nahawu ba, har guguwa ta taso ya tarar shi bai iya iyo ba. Maulana ya rasu bai kammala juzu'i na shida ba.

Ban da waɗannan, akwai Fihi Ma Fihi, wato tarin jawabansa da almajirai suka rubuta, da Majalisai Bakwai na wa'azinsa, da kuma wasiƙunsa, waɗanda da yawansu roƙo ne ga masu mulki domin a biya wa wani bashi, ko a sama masa aiki, ko a yafe masa laifi.

1.6 Matsayin Sama'i a Wurin Malamai

Kalmar sama'i ta Larabci ce, ma'anarta sauraro, kuma ba ta da dangantaka da kalmar Hausa ta sama. A wurin sufaye tana nufin zaman sauraron waƙoƙin bege da kiɗa domin motsa zuciya zuwa ga Allah. Ba Maulana ne ya fara ta ba, domin an san ta tun ƙarnoni kafin haihuwarsa, kuma tun can malamai suka rabu a kanta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware mata babi a cikin Ihya'u Ulumiddin, inda ya halatta ta bisa sharuɗɗan dacewar lokaci da wuri da abokan zama, da kuma tsarkin niyyar mai sauraro. Ibnul Jauzi da Ibnu Taimiyya kuwa sun yi suka mai tsanani, suna ganin ta a matsayin bidi'a da ke shagaltar da mutane daga Alƙur'ani. Shi ma Maulana ya sha suka daga wasu malaman Konya, duk da cewa bai bar salla da azumi da ba da fatawa ba har ƙarshen rayuwarsa.

Ɗariƙar Maulana ba ta yi rassa a ƙasar Hausa kamar Ƙadiriyya da Tijjaniyya ba, amma irin wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a nan. Taƙaddamar da aka yi a kan buga bandiri a majalisin zikiri, wanda Shaihu Nasiru Kabara na Kano ya tsaya wajen kare halaccinsa, reshe ce ta wannan tsohuwar mas'ala.

1.7 Rasuwarsa da Kafuwar Ɗariƙar Maulawiyya

Allah ya yi wa Maulana rasuwa a Konya ranar 17 ga Disamba, 1273, yana da shekara 66. Marubutan tarihinsa sun bayyana cewa har Kiristoci da Yahudawan garin sun bi gawarsa suna kuka. An binne shi kusa da mahaifinsa, aka gina masa hubbare mai koriyar ƙubba a 1274. Mabiyansa suna kiran daren rasuwarsa daren aure, domin shi ya koyar da su cewa mutuwar mumini saduwa ce da Masoyi.

Maulana bai bar tsararriyar ɗariƙa ba. Husamuddin ya riƙe muridai har ya rasu a 1284, daga baya jagoranci ya koma hannun Sultan Walad, wanda ya rasu a 1312. Shi ne ya kafa tsarin da aka sani da Maulawiyya, shugabancinta kuma ya ci gaba a cikin zuriyarsa. A zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya zawiyoyinta suka bazu zuwa Istambul da Halab da Alƙahira da yankin Balkan, suka zama makarantun kiɗa da waƙa da zayyanar rubutu. Sarki Salim na Uku ma muridinta ne, kuma ya tsara kiɗan sama'i da kansa.

1.8 Tsarin Sama'in Maulawiyya

Juyin da Maulana ya yi ba shi da ƙayyadadden lokaci ko tsari, duk inda shauƙi ya kama shi nan yake yi. Magadansa ne suka saka masa ƙa'idoji, tsarin da aka sani a yau kuma ya daidaita ne wajen ƙarni na 15. Muridin da yake son ya zama cikakken ɗan zawiya sai ya yi hidimar kwana 1,001 a ɗakin girki, yana shara da ɗebo ruwa da wanke-wanke. A cikin wannan lokaci yake koyon juyi a kan wani allo mai ƙusa a tsakiya, inda yake saka ƙusar tsakanin yatsun ƙafarsa ta hagu, har ya iya juyawa a wuri guda ba tare da hajijiya ta kayar da shi ba.

Kowace sutura tana da ma'ana. Doguwar hular tana wakiltar dutsen kabarin son zuciya, farar riga mai faɗin ƙasa likkafani ce, baƙar alkyabbar da ake yafawa a kai kuma kabari. Shaihu yana zama a kan jan buzu. Ana buɗe zama da yabon Annabi (SAW), sai a buga ganga, sannan mai sarewa ya yi busa shi kaɗai. Daga nan muridai su kewaya fili sau uku suna rusuna wa juna, a wani zagaye da aka raɗa wa sunan Sultan Walad. Bayan haka sai su tuɓe alkyabba, su nemi izinin shaihu, su fara juyi. Da farko hannuwa a harɗe suke a ƙirji, sannan a buɗe su, tafin dama yana kallon sama, na hagu yana kallon ƙasa, abin da ke nuna cewa bawa yana karɓar rahama ya miƙa wa halitta ba tare da ya riƙe komai ba. Ana juyawa ta ɓangaren hagu, ƙafar hagu a kafe, ta dama tana turawa, zuciya kuma tana ambaton sunan Allah a kowane juyi.

Juyin kashi huɗu ne, ana kiran kowanne sallama. Bisa fassarar da ta shahara, na farko sanin bawa ne cewa shi bawa ne, na biyu mamakin girman Mahalicci, na uku narkewa cikin ƙauna, na huɗu kuma dawowa ga bauta da hidimar mutane. Akwai wani dattijo da ke zagayawa tsakanin masu juyi yana daidaita su, domin ba a yarda wani ya fita hayyacinsa ya yi ihu ko ya faɗi ba. Ana rufe zaman da karatun Alƙur'ani da addu'a.

1.9 Sama'i a Zamanin Yau

A watan Nuwamba na 1925 gwamnatin Mustafa Kamal Ataturk ta kafa dokar da ta rufe dukkan zawiyoyin ɗariƙu a Turkiyya. Hubbaren Maulana ya koma gidan adana kayan tarihi, aka buɗe shi ga jama'a a 1927. A shekarun 1950 aka sake ba da izinin yin sama'i a bainar jama'a a Konya, amma a matsayin nunin al'ada na tunawa da ranar rasuwarsa. Tun daga lokacin ake gudanar da bikin a kowane watan Disamba. Hukumar UNESCO ta sanya sama'in Maulawiyya cikin fitattun al'adun gado na duniya a 2005, ta kuma shiga bikin cikar Maulana shekara 800 da haihuwa a 2007.

Waƙoƙinsa ma sun yi tafiya mai nisa. Reynold Nicholson na Jami'ar Kambirij ya fitar da Masnawi da fassararsa ta Ingilishi tsakanin 1925 da 1940, mawaƙin nan Muhammad Iƙbal kuma ya ɗauke shi a matsayin jagoransa. A Amurka littafin Coleman Barks na 1995 ya sa sunan Rumi ya shiga gidaje da yawa, sai dai masana sun soki irin waɗannan ayyuka da cewa suna zubar da ayoyi da hadisan da waƙoƙin suka ginu a kansu. Haka nan ana kukan yadda ake yin juyin a otal-otal da wuraren cin abinci domin masu yawon buɗe ido, ba tare da tarbiyyar da ke bayansa ba.

1.10 Kammalawa

Rayuwar Maulana ta nuna cewa sama'insa ya tsiro ne a kan ilimi mai zurfi, rashin aboki ya fito da shi fili, magadansa kuma suka kewaye shi da horo da ladabi. Malamai za su ci gaba da saɓani a kan hukuncinsa kamar yadda suka yi tun kafin zamaninsa, amma wanda ya raba juyin da zikiri, ko ya raba waƙoƙin da Alƙur'ani, bai fahimci mai su ba. Ga mai shirin zama malami kuma akwai abin lura a tarihin mutumin da ya kai ƙololuwar daraja a karantarwa, amma bai ji nauyin komawa ɗalibi yana da shekara 37 ba, bai kuma raina abin da zai koya daga maƙeri ba.

Tambayoyin Bita

1. Bayyana hanyar da iyalin Baha'uddin Walad suka bi daga ƙasarsu zuwa Konya, tare da asalin laƙabin Rumi.
2. Wane sauyi haɗuwa da Shamsuddin na Tabriz ta kawo a rayuwar Maulana?
3. Kwatanta Diwanin Shamsu da Masnawi ta fuskar jigo da zubi da salo.
4. Kawo ra'ayoyin malamai a kan sama'i, sannan ka danganta su da muhawarar bandiri a ƙasar Hausa.
5. Yi bayanin ma'anar suturar masu sama'i da kashe-kashen juyin guda huɗu.